Ciwon baya da ciwon damuwa a ma'aunin VA: yadda tsohon sojan Amurka ke ɗaukaka ƙara kan kason da aka yanka masa

A Amurka, sojan da ya tuɓe kaki yana ɗauke da rauni ko ciwon da aikin soja ya jawo masa yana da haƙƙin karɓar diyya duk wata. Ma'aikatar kula da 'yan mazan jiya, wadda kowa ke kira VA, ita ke biya, amma ba a yi wa kowa kuɗin goro. Ana duba mutum a yanka masa kason naƙasa, daga sifili zuwa 100, goma-goma, kuma kason nan shi ne ke faɗin abin da zai shiga asusunsa. A farashin shekarar 2025, wanda ba shi da iyali yana karɓar dala 175 a wata idan kasonsa 10 ne, dala 1,102 idan 50 ne, dala 1,759 idan 70 ne, sannan dala 3,831 idan ya kai 100. Ba a cire haraji a ciki. Daga kashi 30 ake fara ƙara wani abu saboda mata da 'ya'ya, daga kashi 50 kuma mutum ya daina biyan kuɗin magani a asibitocin ma'aikatar. Cikin waɗanda abin ya shafa har da 'yan Afirka ta Yamma da suka shiga sojan Amurka da katin zama na dindindin, wasunsu ma sun koma gida, don diyyar tana bin mutum kusan ko'ina yake zaune.

Ciwon baya da ciwon ƙwaƙwalwa suna cikin waɗanda aka fi kai ruwa rana a kansu, kuma dalilin ɗaya ne: dukansu biyu ciwo ne mai hawa da sauka. Yau da sauƙi, jibi mutum ba ya iya tashi daga gado. Shi kuwa gwajin da ake yi kafin a yanke kaso zama ɗaya ne, wani lokacin bai kai sa'a guda ba. Idan ranar ta faɗo a kan lokacin da jiki ya lafa, to hoton wannan ranar ne za a ajiye a matsayin rayuwar mutum gaba ɗaya. Ɗaukaka ƙara a wannan fage, a ganina, aiki ne na shigar da munanan ranaku cikin fayil, da harshen da ma'aunin ke ganewa. Wanda ya rubuta cewa shi dai yana shan wahala kuma an zalunce shi, ko da gaskiya ya faɗa, bai ba jami'in da ke duba fayil abin da zai kama ba.

Mu fara da baya. Ma'aunin da ake amfani da shi tun 2003 ya dogara ne kusan kacokan a kan sunkuyawa. Mai lafiya yana iya lanƙwasa gadon bayansa gaba har digiri 90, wato kamar cikakken ruku'u. Likita ko jami'in lafiya yana ɗora wani ɗan ma'aunin kusurwa mai hannu biyu a gefen ƙugu, ya ce a sunkuya, ya karanta lamba. Idan mutum ya wuce digiri 60 amma bai wuce 85 ba, kasonsa 10. Idan ya wuce 30 bai wuce 60 ba, kasonsa 20. Idan 30 ne ko ƙasa da haka, kasonsa 40. Babu kashi 30 a tsakani ga ƙasan baya, wannan na wuya ne. Sama da 40 kuwa sai ƙashin bayan ya sandare a mummunan yanayi, gaɓoɓinsa sun haɗe ba sa motsi, a nan ne ake ba da 50, ko 100 idan sandarewar ta kama daga wuya har ƙugu. Akwai kuma wata ƙofa ta kashi 20 da mutane ke mantawa da ita: idan tsokar baya tana ɗaurewa har ta sauya wa mutum tafiya ko ta karkatar da tsayuwarsa, ya cancanci 20 ko da yana iya sunkuyawa.

Duba yadda digiri biyar ke raba mutum da kusan dala 170 a wata. Tsohon soja ya saba da cije haƙora. An koya masa shekara da shekaru cewa ba a kuka da ciwo, sai a ce ya sunkuya, ya danne zafin ya tura jikinsa har digiri 65, alhali tun daga 40 ya fara jin kamar ana soka masa ƙusa. Likita ya rubuta 65, jami'i ya yanka 10. Ya koma gida ya kwana uku yana kwance, kuma babu inda aka rubuta wannan. Ma'aunin ba ya tambayar minti nawa mutum ke iya zama a kujerar mota, ko zai iya ɗaga ɗansa, ko sai matarsa ta ɗaura masa igiyar takalmi. Wannan naƙasu ne babba a tsarin, kuma kotu ce ta yi ta cike giɓin a hankali.

A shari'ar DeLuca ta 1995, kotun 'yan mazan jiya ta ce dole a lissafa raguwar aikin gaɓa da zafi, gajiya da rauni ke jawowa, har da lokacin da ciwo ya motsa. A shari'ar Correia ta 2016 ta ce ba awo ɗaya ake yi ba: a auna motsin da mutum ya yi da kansa da wanda likita ya motsa shi, a auna yana ɗauke da nauyin jikinsa da kuma ba ya ɗauke da shi, gwargwadon yadda zai yiwu. Wadda ta fi amfani ga mai ciwon baya ita ce shari'ar Sharp ta 2017. Kafin ita, masu gwaji da yawa kan rubuta cewa tunda ba su ga mutum a ranar da ciwon ya tashi ba, ba za su iya cewa komai ba sai da zato. Kotu ta ce wannan bai wadatar ba. Wajibi ne mai gwaji ya tambayi tsohon sojan sau nawa ciwon ke tashi, kwana nawa yake ɗauka, me yake hana shi yi, sannan ya ƙiyasta digirin da ke saura masa a irin wannan rana, ko ya bayyana ainihin dalilin da ya sa ƙiyasin ba zai yiwu ba. Saboda haka abu na farko da mai shirin ɗaukaka ƙara zai yi shi ne ya nemi kwafin rahoton gwajinsa, ya buɗe shafin da ke maganar tashin ciwo. Idan ya tarar an bar gurbin fayau, ko an rubuta cewa bai ambaci tashin ciwo ba alhali ya ambata, to ya samu kuskuren da zai ɗora ƙararsa a kai.

Akwai kuma jijiya. Ƙa'idar ta ce duk wata matsalar jijiya da ciwon baya ya haifar a ba ta kasonta daban. Zafin da ke tasowa daga ƙugu ya bi ta ɗuwawu ya gangara cinya har tafin ƙafa, ko ƙafar ta riƙa mutuwa, ana auna shi a kan babbar jijiyar ƙafa: 10 idan kaɗan ne, 20 matsakaici, 40 idan ya ɗara matsakaici, 60 idan ya yi tsanani har tsokar ƙafa ta rame, har zuwa 80 idan ƙafar ta shanye. Kowace ƙafa da nata. Haka matsalar riƙe fitsari ko bayan gida, abin da kunya ke hana mutane faɗa. Mai ciwon faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya yana da wani ma'aunin na daban da ke ƙirga makonnin kwanciya a cikin wata 12, daga 10 ga mako ɗaya har 60 ga mako shida, sai dai sharaɗin shi ne likita ne ya rubuta a kwanta, kuma likitocin yanzu ba su cika ba da wannan umarni ba.

Ɓangaren ƙwaƙwalwa ya fi wuyar kamawa, domin babu ma'aunin kusurwa da za a ɗora a kan firgici. Ciwon damuwa, fargaba, da ciwon da ke bin wanda ya ga tashin hankali, wanda likitoci ke kira PTSD, duk a ma'auni ɗaya ake auna su tun 1996, kuma matakansa shida ne: 0, 10, 30, 50, 70, 100. Ko mutum yana da biyu ko uku daga cikinsu, galibi kaso ɗaya za a ba shi, don doka ta hana a biya alama ɗaya sau biyu. Abin da ake dubawa shi ne yadda ciwon ya taɓa aiki da zama da mutane. Kashi 30 na wanda yake tafiyar da rayuwarsa amma lokaci-lokaci aikinsa ke raguwa, ga rashin barci, ga zargi, ga ɗan mantuwa. Kashi 50 na wanda ba a iya dogara da shi a wurin aiki kamar da, firgici na kama shi fiye da sau ɗaya a mako, hulɗa da mutane ta zama masa dutse. Kashi 70 na wanda abin ya ci yawancin sassan rayuwarsa, aiki da iyali da tunani da yanayin zuciya, kuma cikin alamun da aka lissafa akwai tunanin kashe kai, fushin da ba ya iya riƙewa, da barin wanka da tsabta. Kashi 100 na wanda aiki da zaman jama'a suka gagare shi baki ɗaya.

Yawancin rigimar tana tsakanin 30 da 50, ko 50 da 70. Kuskuren da jami'ai suka daɗe suna yi shi ne ɗaukar jerin alamun kamar takardar jarrabawa, wanda bai cika yawancinsu ba ya faɗi. Tun 2002, a shari'ar Mauerhan, kotu ta ce alamun misalai ne kawai, ba sharuɗɗa ba, abin lura shi ne tsananinsu da yawansu da daɗewarsu da abin da suka yi wa rayuwar mutum. A 2017, a shari'ar Bankhead, ta ƙara da cewa tunanin kashe kai shi kaɗai yana iya kai mutum ga kashi 70, ba sai ya tsara yadda zai aikata ko an kwantar da shi a asibiti ba. Ina so mai karatu ya tsaya a nan kaɗan. Wannan magana ce ta rai kafin ta zama ta diyya. Tsohon sojan da ke cikin wannan hali a Amurka yana iya buga 988 ya danna 1, dare ko rana, ba sai yana da wata ƙara a gaban VA ba.

Matsalar gwajin ƙwaƙwalwa ita ce mutum yakan yi wanka, ya sa tufafi masu kyau, ya tattaro duk ƙarfinsa don ya fita kunya a gaban baƙo. A tambaye shi yaya jiki, ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Likita ya rubuta cewa yana da tsabta, yana magana a natse, yana kallon ido. Duk gaskiya ne, amma matarsa ce ta san cewa yakan tashi cikin dare ya zagaya gida yana taɓa makullan ƙofa, ya daina zuwa taron suna da ɗaurin aure, a gidan abinci ba ya zama sai bayansa na jikin bango, kuma yara sun koyi yin shiru idan suka ji motarsa. Doka ta yarda da shaidar irin waɗannan mutane. Akwai fom na musamman, mai lamba 21-10210, da mata ko aboki ko tsohon abokin aiki zai rubuta abin da ya gani da idonsa. Shaidar da ke aiki ita ce mai faɗin abu takamaimai, wane wata ne aka sallame shi daga aiki da abin da ya faru a ranar, dare nawa a mako yake farkawa da ihu. Wadda ta tsaya a kan cewa mutumin kirki ne kuma yana shan wahala ba ta ɗaga komai.

Su biyun kuma suna haɗuwa. Wanda ciwon baya ya hana shi barci da aiki shekara da shekaru yana iya faɗawa cikin damuwa, kuma VA tana biyan ciwon da wani ciwon aikin soja ya haifar ko ya tsananta, muddin likita ya rubuta cewa yiwuwar alaƙar ta kai rabi da rabi. Wannan ma'auni na rabi da rabi yana da muhimmanci: a dokar 'yan mazan jiya, idan hujjoji suka yi kusan kunnen doki, tsohon soja ake ba gaskiya.

Lissafin haɗa kaso shi ma yana rikita mutane, don ba tarawa ake yi ba. Ana ɗaukar mutum a matsayin 100, a cire kaso mafi girma, na biye kuma a cire shi daga abin da ya rage. A ɗauka an ba wani 50 na ƙwaƙwalwa, 20 na baya, 10 na ƙafa. Bayan 50 saura 50, kashi 20 na wannan 10 ne, ya zama 60. Saura 40, kashi 10 nasa 4 ne, ya zama 64, a mayar da shi goma mafi kusa, wato 60. Idan ya yi nasarar ɗaga bayan zuwa 40, jimillar za ta koma 73, wato 70. Idan kuwa na ƙwaƙwalwar ne ya tashi zuwa 70, za ta koma 78, wato 80, bambancin kusan dala 650 a wata. Ya kamata mutum ya yi wannan lissafi tun kafin ya zaɓi inda zai sa ƙarfinsa.

Hanyoyin ɗaukaka ƙarar uku ne, bisa dokar da aka sa wa hannu a 2017 ta fara aiki ranar 19 ga Fabrairu, 2019, bayan tsohon tsarin ya bar mutane suna jira shekaru. Ta farko ita ce a nemi babban jami'i ya sake duba fayil ɗin, da fom 20-0996. A nan ba a karɓar sabuwar hujja ko ɗaya. Amfaninta shi ne idan kuskuren yana cikin fayil tun asali, misali rahoto ya nuna digiri 55 amma aka yanka 10, ko gwajin bai bi ƙa'idar Sharp ba. Ana iya neman ganawa ta waya sau ɗaya don a nuna wa jami'in shafin da kuskuren yake. Ta biyu ita ce ƙarin buƙata da sabuwar hujja mai alaƙa da batun, da fom 20-0995, kuma ita ce ta dace da wanda ya samo rahoton likitansa, hoton MRI, ko shaidar iyali. A wannan hanya wajibin VA na taimaka wa mutum tattara hujja yana nan, har da sake gwaji. Burin ma'aikatar shi ne ta gama waɗannan biyun cikin kwana 125 a matsakaici. Ta uku ita ce Hukumar Ɗaukaka Ƙara ta 'Yan Mazan Jiya da ke Washington, inda alƙali ke dubawa, da fom 10182. Can ma layi uku ne: a duba fayil yadda yake, ko a ƙara hujja cikin kwana 90, ko a nemi zama da alƙali. Layin zama da alƙali shi ya fi kowanne jinkiri, yakan ci shekaru, don haka bai kamata a zaɓe shi don kawai ana son a fitar da abin da ke zuciya ba.

Duk wannan yana rataye ne a kan wa'adin shekara ɗaya daga ranar da ke jikin takardar hukunci. Wanda ya shigar da ƙara cikin shekarar, aka ƙi, ya sake bin wata hanyar cikin shekara, haka-haka ba tare da igiyar ta tsinke ba, ranar da ya fara nema tana nan a matsayin mafarin biyansa. Idan ya yi nasara bayan shekara biyu, za a biya shi ariyas na wata 24, wanda a misalin da na kawo ya haura dala 15,000. Wanda ya bari shekarar ta wuce zai iya dawowa da sabuwar hujja, amma lissafi zai fara ne daga ranar da ya dawo. Abin da ke ba ni takaici shi ne mai ciwon damuwa shi ya fi kowa barin ambulan a kan tebur bai buɗe ba, wato ciwon da ake rigima a kansa shi ne ke cinye masa wa'adi. Duk wanda ke da irin wannan mutum a gida, taimako mafi girma shi ne ya rubuta ranar a kalanda ya riƙa tuna masa.

A bambanta kuma tsakanin cewa an yi kuskure da cewa ciwo ya ƙaru. Idan hukuncin daidai ne a lokacinsa amma jiki ya ƙara lalacewa daga baya, sabuwar buƙatar ƙarin kaso ake shigarwa, ba ƙara ba.

Tsoron da ke hana mutane motsi shi ne kada a je neman ƙiba a samo rama. Tsoron yana da tushe, domin sabon gwaji yana iya nuna sauƙi. Sai dai ba a rage kaso da ka. Idan ragin zai taɓa kuɗin mutum, dole a aiko masa da sanarwa, a ba shi kwana 60 ya kawo hujja da kwana 30 ya nemi a saurare shi. Kason da ya shekara biyar bai sauya ba sai an nuna sauƙi mai ɗorewa, wanda ya shekara 20 kuwa ba a saukar da shi sai an kama zamba.

Ga wanda ciwon ya raba da aiki akwai wata ƙofa da ta fi neman 100 sauƙi. Idan ciwo ɗaya ya kai 60, ko jimilla ta kai 70 tare da ɗaya mai 40, kuma mutum ba ya iya riƙe aikin da zai ciyar da shi, ana iya biyansa a farashin 100. Fom ɗinsa 21-8940 ne. Ga mai baya da ƙwaƙwalwa a haɗe hujjar takan fito sarai: bayan ya hana shi aikin ƙarfi, damuwar ta hana shi zaman ofis da mutane.

Ba dole ne mutum ya yi wannan tafiya shi kaɗai ba. Ƙungiyoyin 'yan mazan jiya irin su DAV, VFW da American Legion suna da wakilai da VA ta tantance, kuma kyauta suke yi. Lauya ba ya da izinin karɓar kuɗi sai bayan an yanke hukuncin farko, kuma abin da aka saba shi ne kashi 20 na ariyas, ba na kuɗin wata-wata na gaba ba. Akwai kamfanonin da ba a tantance ba da ke neman mutum ya sa hannu zai ba su ninkin ƙarin da ya samu na watanni da dama. A guje su, a duba sunan duk mai son wakiltar mutum a jerin da ma'aikatar ke wallafawa a shafinta na intanet.

Idan Hukumar ta ƙi, saura kotu, kuma a nan wa'adin kwana 120 ne kacal. Kotun ɗaukaka ƙara kan haƙƙoƙin 'yan mazan jiya an kafa ta ne a 1988. Kafin nan hukuncin ma'aikatar kan diyya kusan ba ya zuwa gaban kowace kotu, kuma wata doka da ta samo asali tun zamanin yaƙin basasar Amurka ta ƙayyade kuɗin lauya a dala 10. Kotun ba ta karɓar sabuwar hujja, aikinta ta duba ko Hukumar ta bi doka kuma ta bayyana dalilanta yadda ya kamata. A Maris 2025, a shari'ar Bufkin, Kotun Ƙolin Amurka ta ce idan VA ta yanke cewa hujjoji ba su yi kunnen doki ba, kotun ba za ta soke wannan ba sai ta ga kuskure ƙarara. Nasarar da aka fi samu a can ita ce a soke hukuncin a mayar da fayil ga Hukumar, sau da yawa ita kuma ta sa a sake gwaji, kuma ranar da mutum ya fara nema tana nan ba ta motsa ba.